Iya Kande da Gogen Turawa

Duk wanda ya taɓa shiga gidanmu na Rafin Guza da hantsi ya san abin da zai fara cin karo da shi a tsakar gida. Tabarma ce a shimfiɗe, an baza kuɓewa a gefe guda, barkono a ɗaya gefen, a tsakiya kuma batura takwas a jere kamar 'yan firamare a layin safe, suna shan rana. Iya Kande tana zaune a kan 'yar kujerarta da kara a hannu, tana gadi. Kaza ta tsinci kuɓewa, ba komai. Amma ta kuskura ta taka batir ɗaya, ranar sai ta ji tarihin kakanninta tun daga ƙwai.

"Iya, batir fa in ya mutu ya mutu," in ce mata.

"Kai ka yi masa wanka? Suma ya yi. Bari ya sha rana ka gani."

Abin haushin kuma, sai ya farfaɗo. Ba sosai ba dai, amma yakan kai ta tsakiyar waƙa kafin muryar mawaƙin ta fara ja, ta yi kauri, kamar wanda ya tsufa a gaban idonka. In na ce, "To kin ji, ya mutu," sai ta ce, "Mutumin ne ya gaji. Kai ka taɓa yin waƙa ta rabin sa'a ba ka zauna ba?"

Ku manya da ke wannan taro namu na dangi kun san wannan duka. Saboda yaran da suka tashi ba su same ta ba nake faɗa. Iya Kande ita ta haifi Babana, ni ne jikanta na fari, shi ya sa ba ta taɓa kira na Sabo ba sai in na yi laifi. Kullum "Angona", ko kuma "wannan ragon mijin nawa". Bayan rasuwar kakanmu ta ƙi zama haka nan, ta sami aikin girki a gidan wani Bature malamin kwaleji can wajen Malali. Sunansa ya ƙi zama a bakinta, ta sa masa Dogo, shi kuma ya amsa har ya bar ƙasar nan.

To Dogo yana da garmaho mai batir da faya-faye cike da akwati. Ba irin waƙoƙin rawa na minti uku da muke ji a rediyo ba. Kiɗan wasu samarin Turai ne masu gashi har kafaɗa, masu jita ta lantarki da ganguna, waɗanda suka ce su kiɗansu, wanda ake kira rok, ba na gaggawa ba ne. Waƙa ɗaya sai ta cinye fuskar faifai sukutum. Ta fara a hankali kamar yayyafi, ta rikice kamar an saki kasuwa, ta sake lafawa. Wasunsu kuma suka ɗauko gogen Turawa suka cusa a ciki: ƙaramin da ake maƙalewa a ƙarƙashin haɓa, da ƙaton da ake rungumewa tsakanin gwiwoyi. Iya ta sa wa ƙaramin suna Auta, ƙaton kuma Uwar Goge. Shekara shida tana soya wa Dogo dankali tana ji ta tagar kicin.

Shekarar da aka koma tuƙi hannun dama aikinsa ya ƙare. Ya kira ta falo ya ce ta zaɓi abin da take so cikin kayan gidan. Ga keken ɗinki, ga gado mai katifa, ga agogon bango. Iya ta nuna garmaho da akwatin faya-faye.

Da a-kori-kura ta sauke kayan a ƙofar gida, Babana ya riƙe baki.

"Iya, keken ɗinki fa aka ce! Keken ɗinki!"

"Na ji kukansa," ta ce. "Babu daɗi."

Kwana uku ta yi tana zaman shari'a. Ta ɗora faifai, ta naɗe hannu, ta karkata kai. In ta ji Auta ko Uwar Goge sun shigo, sai ta ce, "Yawwa, mutanen kirki," ta goge faifan da gefen zanenta, ta ajiye a dama. In har aka kai ƙarshe jita ce kawai take ihu, sai ta taɓe baki ta ce, "Ina tsirkiya?" ta ajiye a hagu. Wannan tambaya ta bi mu har yau. Kun san a gidanmu in miya ba ta ji daddawa ba, ko an kawo saurayi mai surutu babu kan gado, abin da ake cewa ke nan: ina tsirkiya?

Ba ta iya karatun boko ba, don haka hoton bango ne sunan kowace ƙungiya. Akwai 'Yan Gemu. Akwai Masu Kwalekwale. Akwai wasu biyar ramammu da suka jingina da wani tsohon gini, su ne Marayu, kuma su ta fi so. Takan daɗe tana kallon hotonsu.

"Dubi wuyan wannan mai gogen, don Allah. A ce yaro yana da hannu irin wannan, a rasa mai ba shi tuwo?"

Na dama suka shige ƙarƙashin gado a naɗe cikin zane. Na hagu ban san inda suka nufa ba, sai wata Asabar da na zo gaishe ta. Lokacin ina aikin akawu, ina zaune a Unguwar Dosa, kuma ni da abokaina muna da 'yar ƙungiyar kiɗa, ni ne mai jita. A cikin na hagun nan akwai wani faifai da na yi wata biyu ina roƙon Dogo ya ara mini, na wani gwanin jita da nake ganin duniya ba ta haifi kamarsa ba. Ina shiga ta miƙo mini ƙwaryar kunu. Na duba murfin. Baƙi, mai rami a tsakiya, tururi yana fita ta ramin, gefensa ya lanƙwashe kamar kunnen akuya.

"Iya! Innalillahi! Kin san mene ne wannan?"

"Mene ne?"

"Faifai ne!"

"To ni me na ce? Faifai ne, ga shi yana aikin faifai. Sha kununka kafin ya huce."

Na leƙa madafa. Ɗaya a kan tukunyar miya, ɗaya a kan randa, ɗaya an tare ƙofar akurki da shi. Na zauna a bakin rijiya kamar wanda aka yi wa rasuwa. Ta zo ta tsaya a kaina.

"Kar ka yi kuka, Angona. Na ba shi dama har sau biyu. Mutumin nan tun da ya buɗe baki yake magana shi kaɗai, bai bar kowa ya ce uffan ba. Irinsu a kan tukunya suka fi amfani."

Wata ɗabi'arta kuma, ba ta shiga waƙa daga tsakiya. In ladan ya kira salla, ko an yi sallama a zaure, sai ta ɗaga allurar garmahon a hankali. In ta idar, ko baƙon ya tafi, ba za ta ɗora daga inda aka tsaya ba. Daga farko za a koma. Akwai ranar da Marayu suka fara waƙa ɗaya sau biyar saboda masu zuwa sayen daddawa. Na ce, "Iya, ki sa daga inda Auta ya shigo mana." Ta dube ni kamar na zagi wani babba.

"Kai in kana ba da labari, akan ce maka faro daga ƙarshe? Sai an sha wahalar gangunan nan tukuna, sannan goge zai yi daɗi."

Katangarmu ɗaya da Malam Iro, wanda da yawanku a gabansa kuka yi saukar Alƙur'ani. Mutum mai sanyin hali, ba ya son fitina. Wata uku ya daure, sannan ya yi sallama a zaurenmu. Ina nan ranar. Iya ta yafa mayafi ta zauna daga bakin ƙofa, aka gaisa har aka gaji.

"Iya, dama wata 'yar magana ce. Kiɗan nan yana tsallaka katanga. Jiya ina biya wa ɗalibai karatu, na ga kawunansu suna kaɗawa, kuma ba da karatun suke kaɗawa ba."

Na zaci za ta hau. Sai ta sunkuyar da kai.

"Allah gafarta Malam, gaskiyarka. Karatu shi ne gaba. Daga yau sai Alhamis da Juma'a da safe, ranar da babu makaranta. Sauran ranaku in an tashi karatun hantsi zan ɗan taɓa, ƙasa-ƙasa."

Malam ya yi ta sa albarka, ya tafi. Ta cika alkawari kuwa, ba ta taɓa saɓawa ba.

Bayan damina allurar garmahon ta lalace, aka yi ta neman irinta a kantuna ba a samu ba. Gida ya yi tsit har kwana ashirin. Iya ta daina shanya batura, ta zauna tana tsinkar zogale. Rannan sai ga sallamar Malam Iro. Ya tambayi lafiyarta, ya tambayi ƙafa, ya tambayi jikoki ɗaya bayan ɗaya. Ya miƙe zai tafi, ya sa takalmi ɗaya, ya tsaya.

"Af, na ji shiru kwana biyu. Lafiya dai ko?"

"Allura ce ta mutu, Malam."

"Ayya. To, Allah ya sa haka ne mafi alheri." Ya sa ɗaya takalmin. "Akwai wani ɗalibina mai gyaran rediyo a Kawo. Zan sa ya duba."

"Ashe Malam yana saurare?"

"A'uzubillahi! Ni ba na saurare. Katangar ce gajera." Ya kai bakin ƙofa ya waiwayo. "Amma wancan da babban gogen yake shigowa bayan an yi shiru, shin a ƙarshe mutumin yana samun sauƙi kuwa? Kullum a daidai nan ake kiran azahar."

Ranar Iya ta yi dariya har ta yi tari. Allura kuwa ta iso kafin Juma'a.

Yanzu bari in zo kan wanda ya sa na tsaya a gabanku. Ƙungiyarmu ta sami gayyata, za mu yi wasa a zauren taron wata kwaleji ranar da ɗalibai ke bikin ƙarshen shekara, da la'asar. Muka ɗauki abin da zafi. Muka tsara waƙa doguwa irin ta su Marayu, mai hawa da sauka, muna atisaye a garejin gidan su Bala mai ganga a Unguwar Dosa. Rashin wayo ya sa na yi wa Iya alfahari. Washegari sai ga ta a bakin gareji, ta tako tun daga Rafin Guza, da lema a hannu. Muka ba ta kujera, muka zage muka yi mata waƙar daga farko har ƙarshe. Gumi har cikin idona. Muka tsaya muna jiran yabo.

"Ina tsirkiya?"

"Haba Iya! Ga jita biyu, kowace da tsirkiya shida."

Ta miƙo hannu ta ja ɗaya da farce, ta saki.

"Wannan waya ce. A kan irinta nake shanya."

Bala ya faɗi a kan gangunansa don dariya. Na ce mata duk garin nan ban san mai gogen Turawa ko ɗaya da zai kula mu ba, sai 'yan badujalar soja, su kuwa ba sa wasa da yara. Ta juya lemar a hannunta.

"Gobe Lahadi ba ka da aiki," ta ce. "Ka zo da wuri. Za ka raka ni Katabu."

Muka hau mota a Kawo. Duk hanya ko faɗa da kwandasta ba ta yi ba, abin da ya tabbatar mini akwai wani abu. Muka sauka a bakin titi, ta yi tambaya sau biyu, aka nuna mana wani tsoho a ƙarƙashin mangwaro yana kankare rake. Siriri, idonsa ɗaya ya yi fari. Ta tsaya a gabansa ba ta yi sallama ba. Ya ɗago, ya ƙura mata ido mai kyan, wuƙar ta zame daga hannunsa.

"Yaya Kande?"

"Ka tsufa, Mati."

"Yaya Kande, ke ce?"

"Ni ce mana, wa kake zato? Tashi ka ba ni wuri, ƙafata tana ciwo." Ta zauna a kan bencinsa. "Wannan jikana ne, Sabo. Angona, durƙusa ka gai da kakanka. Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya."

Na durƙusa ban san me nake cewa ba. Mu dai abin da muka sani, Iya 'yar wani manomi ce daga ƙauyen Zariya, kuma danginta duk sun ƙare. Tsohon yana ta share ido da hannun riga, yana cewa, "Shekara talatin da wani abu, Yaya. Talatin da wani abu." Ita kuma ta dubi gefe ta ce, "To ya isa, sai ka tara mana jama'a. Ina gogen Baba?"

Ya shige wata 'yar bukka ya fito da buhu. A ciki akwai goge, ƙwaryarsa ta yi baƙi don tsufa, fatar ta tsage, tsirkiyar ta zama 'yan zare uku. Ya ce rabonsa da taɓa shi tun da ya dawo Katabu, mutanen wurin ma ba su san ya iya ba. Iya ta karɓa ta ɗora a cinya, ta shafa wuyansa wurin da yatsu suka cinye itacen. Baba Mati ya ce ba zai gyaru ba, sai an sami gashin wutsiyar doki, sai kuma fatar guza.

"Mu da muke zaune a Rafin Guza," in ji ta, "a ce mun rasa fatar guza? Ai sai a canja wa unguwar suna."

A motar dawowa ta gaya mini, tana kallon taga. Ubansu makaɗin goge ne, sunansa Jatau, kuma a zamaninsa babu biki daga nan har Zariya da ake yi ba a neme shi ba. Ita take riƙe masa ƙaro, ɗan danƙon da ake shafa wa tsirkiya, tun tana 'yar shekara biyar. Da ta auri kakanmu ta shigo gidan 'yan kasuwa masu karatu, ta ji yadda ake ambaton masu goge a tsakar gida, ana haɗa su da mashaya da 'yan bori. Aka tambaye ta sana'ar ubanta, ta ce noma. Daga nan ƙarya ta yi ƙafa. Ta rage zuwa gida, ta daina aike, da Mati ya zo nemanta da goge a kafaɗa ta sallame shi daga zaure. Daga baya ta ji labarin ya koma Katabu, amma ba ta taɓa zuwa ba.

"Kakanka ya sani, kuma bai taɓa hana ni ba, kar ka ɗora masa. Mutumin kirki ne. Ni ce na ji kunyar ubana. Har Baba ya rasu ban je ba sai bayan kwana bakwai." Ta gyara mayafi. "Ran da na fara jin Auta ta tagar Dogo, albasa nake yankawa. Allah ya taimake ni da albasar nan."

Babana bai ji daɗin labarin ba. Ya zauna a ɗakinta ya daɗe, na ji yana cewa, "Iya, yanzu da girmanki? Ina da abokan ciniki, ina sahun gaba a masallaci. Mutane za su yi magana." Ta ce, "Su yi. Na shekara arba'in ina gudun maganarsu, ban ga abin da suka ba ni ba." Ya fita, kuma ya daina shigowa gaisuwar safe har kwana huɗu.

Goge dai ya gyaru, Baba Mati ya zo atisaye. Bala ya ɗaga sanduna ya ce, "Ɗaya, biyu, uku, huɗu!" Muka afka. Tsoho yana zaune yana kallonmu. Muka tsaya.

"Baba, in na ce huɗu sai ka shigo."

"Me ake ƙirgawa?"

"Kiɗan, Baba."

"Ikon Allah. Ni dai in na ji wurina zan shiga."

Iya ta sa aka ɗauko garmahonta a kan keke, ta ɗora masa Marayu, daga farko ba sai na faɗa ba. Ya saurara da ido rufe. Da Uwar Goge ta shigo ya buɗe ido.

"Wannan mutumin an yi masa rasuwa."

"Na gaya musu," in ji Iya. "Sun ce wai salo ne."

Daga nan ya gane abin da muke nema, ko kuma mu muka gane. Muka daina ƙirga masa. Muka koyi barin fili, mu sassauta, mu jira shi. Waƙarmu ta minti goma ta koma ashirin da biyar.

Ranar wasa zauren ya cika da ɗalibai, wanduna masu faɗin ƙafa, gashi an taje shi ya yi tsiri. Iya ta zauna a layin gaba da mayafinta na zuwa suna, tsakanin malaman kwalejin. Muka hau dandamali, aka tafa. Sai Baba Mati ya biyo mu a hankali da 'yar shara da hula, goge a hammata, ya nemi tabarma ya zauna kusa da makirfo. Zauren ya fashe da dariya. Wani daga baya ya yi ihu, "Bori za a yi ne?" Wani ya ce, "A kawo turare!" Na ga tsohon ya sunkuyar da kai yana laluben buhunsa, kamar mai shirin mayar da gogen.

Sai Iya ta miƙe. Kun san tsawonta, ko kafaɗata ba ta kai ba. Ta juya ta fuskanci zauren, ta buga lema a ƙasa.

"Kai mai bakin nan, tashi in gan ka!"

Ba wanda ya tashi.

"To ku ji. Wancan ƙanena ne, Mati. Abin da ke hannunsa gogen ubana ne, Jatau. Da shi ya ciyar da mu, da shi ya yi mana sutura, bai taɓa ɗaukar na kowa ba. Ni Kande 'yarsa ce. Wanda zai yi dariya ya yi yanzu ya gama, don in an fara ba na son surutu."

Tsit. Ta zauna, ta ɗaga mini haɓa. "Angona, bismilla."

Muka fara. Ganguna, jita, hawa da sauka, har muka iso wurin da muke sassautawa. Baba Mati ya shafa ƙaro, ya ɗora baka a kan tsirkiya, ya ja. Jama'a, na sha jin goge a bakin kasuwa, amma ban taɓa jin sa ta lasifika a cikin zaure mai rufin kwano ba. Sautin ya fito siriri, ya yi sama, ya karye kamar muryar mai kiran wani daga nesa. Gashin jikina ya tashi. Daɗi ya ɗebe ni, na matso gaba na shiga amsa masa da jita, ina ƙara wuta, ina lanƙwasa baya kamar yadda na gani a hotuna. Sai na ji murya daga layin gaba, ta fi lasifikar ƙarfi:

"Sabo! Yi shiru, babba yana magana!"

Zauren ya sake fashewa, amma wannan karon ni ake yi wa. Na ja da baya na rungume jitata. Tsoho ya yi kusan minti goma shi kaɗai, Bala yana taɓa masa ganga ƙasa-ƙasa. Na saci kallon Iya. Idonta a rufe, leɓenta yana motsi, yatsun hannunta na hagu suna tafiya a kan sandar lema, suna bin na ƙanenta ɗaya bayan ɗaya. Da ya sauke baka, sai da aka ɗan jima kafin wani ya tuna ana tafi. Daga nan kuma aka ƙi dainawa.

Muna sauka na hangi Babana a tsaye can bakin ƙofa, da babbar rigarsa ta kasuwa. Ban san ya zo ba. Ya ratso ɗalibai har gaban dandamali, ya cire takalmi, ya durƙusa a gaban tsohon.

"Kawu, sannu da aiki."

Ya karɓi gogen da hannu biyu, ya sa a buhu, ya rataya a kafaɗarsa. Haka ya bi titi da shi har tasha, rana ba ta faɗi ba, kowa yana gani. Iya tana biye tana ce masa, "Riƙe shi da kyau, ba buhun gero ba ne."

Baba Mati bai koma Katabu da zama ba. Aka share masa ɗakin zaure, suka yi shekara huɗu shi da yayarsa suna faɗa a kan gishirin miya da wanda ya fi wani tsufa a fuska. Ƙungiyarmu ba ta je ko'ina ba, aure da canjin wurin aiki suka raba mu, kuma ba a ɗauki wasan nan a kan ko da kaset ɗaya ba. Wanda ya ji ya ji.

Ciwonta na ƙarshe bai yi tsawo ba. Ana gobe za ta rasu, da rana, ta sa aka tara mu jikoki a bakin gadonta. Muka zaci wasiyya ce. Ta bi mu da ido ɗaya bayan ɗaya ta ce, "Wa ya haife ni?" Muka ce, "Jatau." Ta ce, "Sana'arsa?" Muka ce, "Goge." Ta ce, "Ban ji na bayan nan ba." Muka sake faɗa da ƙarfi, har ƙananan da ba su san me ake yi ba. Ta ce, "Yawwa. Ku tafi, kun cika mini ɗaki da zafi."

Allah ya jiƙan Iya Kande 'yar Jatau mai goge. Allah ya yafe mata abin da ta daɗe tana neman yafiya a kansa, ya haɗa ta da mahaifinta a inda babu mai jin kunyar wani. Ya jiƙan Baba Mati da Babana da duk waɗanda suka riga mu. Mu kuma in tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani. Amin.